Daga Mari Zuwa Nasiha: Tarihin Gyaran Halin Fursuna a Ƙasar Rano da Kibiya

A yawancin ƙagaggun labaranmu, idan mugu ya gama tsula tsiyarsa, marubuci kan gurfanar da shi gaban alƙali a babin ƙarshe, a yanke masa shekara bakwai da aiki mai tsanani, sai a rufe littafi kowa ya yi hamdala. Da wuya ka ga wanda ya bi mutumin nan zuwa ranar da gandiroba zai buɗe masa ƙofa ya fito, alhali kuwa a ranar ce labarinsa da jama'a yake komawa sabo. Shekara bakwai tana ƙarewa, balle wata shida na wanda ya saci akuya a Tarai ko Rurum. Zai dawo garinsu, ya zauna a majalisar da ya bari, ya yi sallah a sahu ɗaya da mai akuyar. Abin tambaya shi ne, a tsawon zamansa a ciki wa ya yi magana da shi, kuma me aka ce masa? Wannan tambaya tana da tarihi mai tsawo a ƙasar Kano, kuma shi za mu bi, muna tsaye a kudancinta, wato ƙasar Rano da Kibiya.

Rano dai ba baƙuwa ba ce a tarihi. Tana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano aka ba sarautar baba, wato rini, har yau kuma Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari. Daga baya Kano ta rinjaye ta, Sarkin Rano ya koma cikin manyan sarakunan da ke ƙarƙashin Sarkin Kano. A ƙarni na 19 kudancin Kano bakin daga ne, domin Ningawa kan kawo hari, saboda haka hankalin masu mulki ya fi karkata ga ganuwa da dawaki, ba ga gina wurin ajiye masu laifi ba. Ko banda wannan ma, ɗauri na shekara da shekaru bai zama ginshiƙin hukunci ba a wancan zamani. Ana yin bulala, ana cin tara, ana biyan diyya, ana korar mutum daga gari, wani kuma a mayar da shi bawa. Cin tara ya yi yawa a hannun sarakunan Haɓe har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafta shi cikin laifuffukansu a Kitabul Farƙ, inda ya zarge su da karɓar dukiya a maimakon hukuncin da shari'a ta ajiye. Kurkuku kuwa wurin jira ne: mai jiran shari'a, mai taurin bashi, wanda sarki ya yi fushi da shi, da bawan da ya gagari ubangijinsa.

A birnin Kano akwai gidan Ma'ajin Watari, inda ake kai bayi masu taurin kai domin a hore su. Kalmar nan "horo" ita ce ta fi bayyana tunanin lokacin, domin da ita ake horar da doki, da ita ake horar da yaro, da ita kuma ake horar da mai laifi. Sanda da mari da turu su ne masu magana. Lokacin da sojojin Kanar Molan suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Gwamna Lugga ya kwatanta kurkukun sarki a rahoton da ya aika Ingila. Ya ce ɗakuna biyu ne, kowanne tsawonsa ƙafa 17 faɗinsa ƙafa 7, ƙofar shiga kuwa sai da rarrafe, ga ramuka a gindin bango inda ake zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa kisa, kuma mutum 135 ke kwana a ciki, wani lokaci ma har 200. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa Lugga yana neman hujjar yaƙin da ya yi ne a gaban magabatansa, don haka bai rage komai ba wajen muzantawa. Amma ko an rage rabin abin da ya faɗa, sauran ya isa ya nuna ba wurin hira ba ne.

Wannan ba ya nufin babu nasiha a ƙasar. Nasiha tana nan, sai dai a wajen kurkuku take. Idan saurayi ya ɗauki abin wani a ƙauye, kafin magana ta kai ga alƙali sai ta bi ta zauren mai unguwa, ta bi ta gaban liman, ta je wurin dagaci. A kira ubansa da baffansa, a kira wanda yake koya masa rini ko ƙira ko saƙa, a biya mai kaya, a sa yaron ya durƙusa ya nemi gafara, wani dattijo kuma ya ce ya ɗauki lamuninsa. Ƙarfin wannan tsari shi ne duk masu yi masa magana mutanen da zai ci gaba da gani ne kullum. Rauninsa kuwa, ɗan mai gata kaɗai yake amfana. Baƙo da bawa da maraya ba su da mai tsaya musu.

Malaman da suka zauna a fada sun san cewa fiƙihu bai yi shiru a kan ɗaurarre ba. Sayyidina Umar ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka kan dirhami 4,000 ya mai da shi kurkuku, kuma Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid a Kitabul Haraji cewa ciyar da fursunoni da tufatar da su nauyi ne a kan baitulmali. Amma ƙissar da ta fi kusa da batunmu ita ce ta Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, wanda aka kamo aka ɗaure a jikin ginshiƙin masallacin Madina. Kwana uku Manzon Allah (SAW) yana zuwa yana tambayarsa abin da ke ransa, yana sauraron amsarsa, a rana ta uku ya ce a sake shi ba tare da wani sharaɗi ba. Mutumin ya tafi wata gonar dabino kusa, ya yi wanka, ya dawo da ƙafarsa ya musulunta. Abin lura a nan, tambaya aka yi masa, shi ne kuma ya yanke shawara.

Zuwan Turawa ya juya al'amarin. Sun hana yanke hannu da bautarwa, sai ɗauri ya maye gurbinsu ya zama hukuncin yau da kullum. Aka bar wa En'e gidajen yarinta, alƙalan gunduma suna yanke ƙananan hukunce-hukunce, wanda ɗaurinsa ya yi tsawo kuwa dogarai su rako shi birni, tafiyar yini biyu ko kusa da haka daga Rano kafin mota ta wadata. A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa kusa da fadar sarki. Muryar da fursuna ya fi ji a wannan zamani ita ce ta aiki. 'Yan sarƙa su ne masu gyaran hanya, masu sharar gari, masu ɗebo ruwa da itace, masu kwasar bahaya. Gwamnatin mulkin mallaka tana son ma'aikata masu arha, ta kuma same su. In har an yi zancen gyaran hali, to ana nufin wahala za ta sa mutum ya yi nadama, wato gwale-gwale da gabza su ne malamai.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara jin wata murya. R. H. Dolan, wanda ya shugabanci gidajen yarin gwamnati daga 1946 zuwa 1955, ya shigo da rarraba fursunoni gwargwadon laifi, da ziyarar dangi, da koyar da sana'a, da ɗan ladan aiki ga masu dogon ɗauri na farko, ya kuma sa aka ɗauki malaman Musulunci da na Kirista su riƙa koyarwa da wa'azi. A zamaninsa aka buɗe gidan yarin Kakuri na Kaduna a 1953, wanda ba a kulle fursunoni kamar sauran. To, amma galibin gidajen yarin Arewa na En'e ne, kuma a daidai shekarun nan wani aiki daban suke yi. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, talakawa da yawa sun shiga gidan yari saboda taron siyasa ba izini ko zagin sarauta. Irin wannan fursuna babu halin da za a gyara masa, sai dai a nemi karya shi, shi kuwa ya fito yana alfahari. Ina ganin tun daga nan ne mutanenmu suka daina ɗaukar maganar hukuma a gidan yari a matsayin nasiha, suka ɗauke ta barazana.

A 1968 gwamnatin soja ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su ƙarƙashin Tarayya, sa'annan Doka ta 9 ta 1972 ta tsara aikinsu. Gandiroba ya tashi daga yaron sarki ya zama ma'aikacin Legas. Aka samar da sashen jin daɗin fursunoni, aka buɗe ɗakunan kafinta da tela, ƙungiyoyin addini kuma suka samu ƙofar shiga da wa'azi, musamman a watan azumi. Jihar Kano ta kasance da Kurmawa da Goron Dutse a birni, da ƙananan gidaje a garuruwa irin su Wudil da Kiru da Sumaila da Tudun Wada da Rano. Waɗannan ƙananan gidaje su ne ke karɓar masu ƙananan laifuffuka daga kotunan karkara: sata, faɗa, rikicin gona, shaye-shaye, da wanda aka ci tara ya kasa biya.

Wa'azi alheri ne, ba mai musun haka. Sai dai siffarsa ita ce mutum ɗaya yana magana ɗari suna saurare, kuma fursuna ya fi kowa iya sunkuyar da kai ya ce "haka ne, Malam." Ya san sata haram ce tun yana makarantar allo. Abin da ya rasa ba sanin hukunci ba ne, ya rasa dalilin da zai sa ya bari, dalili nasa na kansa wanda zai riƙe shi ranar da ya fito ba ko sisi, abokan da kuma suna jiransa a tasha.

A nan ne labarin wasu ƙasashe yake da amfani, domin su ma sun sha wannan muhawara. A 1974 wani masani a Amurka, Robat Matinsan, ya wallafa sharhi a kan bincike 231 da aka yi tsakanin 1945 da 1967 game da shirye-shiryen gyaran fursunoni, aka fahimci maganarsa da cewa babu abin da ke aiki. Wato dai hali zanen dutse, da bakin Bature. Shi kansa ya janye wani ɓangare na maganar a 1979, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, 'yan siyasa sun samu hujjar ƙara tsawon ɗauri. A shekarun nan kuma aka gwada tsoratarwa. A gidan yarin Rawe na jihar Niyu Jasi, akan kai yara masu ƙiriniya gaban masu ɗaurin rai da rai su daka musu tsawa su ba su labarin azabar ciki, har aka yi fim a kai a 1978 ya samu yabo. Da aka zo aka tattara gwaje-gwaje 9 na irin wannan shiri, sai aka tarar yaran da aka tsoratar sun fi waɗanda aka ƙyale aikata laifi daga baya.

Hanyar da ta ɓullo daga baya ba a gidan yari aka haife ta ba, a wurin jinyar mashaya giya ne. Wiliyam Mila (ba Likita Mila na Wusasa ba, wannan Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan Adam) ya je wani asibiti kusa da birnin Bagen na ƙasar Nowe a 1982. Matasan ma'aikatan wurin suka riƙa sa shi ya nuna yadda yake zantawa da majinyata, suna tsayar da shi suna tambayar me ya sa ya faɗi kaza bai faɗi kaza ba. Daga amsoshin nan ya rubuta maƙala a 1983, sa'annan shi da Istifin Rolnik suka fitar da littafi a 1991. Da Hausa za mu iya kiran hanyar hirar zaburarwa.

Tushenta abu ne da kowane mai 'ya'ya ya sani. Mai mugun hali yawanci zuciyarsa biyu ce, ɗaya tana son bari ɗaya tana son ci gaba. Idan ka tsaya a gefen bari kana kawo hujjoji, shi sai ya tsaya a ɗaya gefen yana kare kansa, kuma duk hujjar da ya furta da bakinsa tana ƙara zama a ransa. Mila da abokan aikinsa sun nuna a 1993 cewa gwargwadon yadda mai nasiha ya matsa wa mashayi da gardama, gwargwadon yawan shan da aka tarar yana yi bayan shekara guda. Saboda haka sai aka juya al'amarin, mai nasiha ya rage magana, ya yawaita tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a. Alal misali, maimakon ya ce wa saurayin da ya saci injin ban ruwa a wajen Bunkure ya ji tsoron Allah ya daina, sai ya tambaye shi yadda yake son rayuwarsa ta kasance nan da damina uku. In ya ce yana son ya yi aure ya kama 'yar gonarsa ta tumatir, sai a tambaye shi ta ina zaman da yake yi yanzu ya dace da wannan buri. Akwai ma wata dabara, a ce masa daga sifiri zuwa goma ina son barinsa ya kai. In ya ce huɗu, ba a ce masa don me bai kai tara ba, sai a ce don me bai tsaya a ɗaya ba. Kafin ya ankara ya fara jero dalilan tuba da kansa: tsohuwarsa, ƙannensa mata, kunyar da ya ji ranar da aka zaga da shi kasuwa. Mai nasiha kuwa aikinsa ya maimaita masa abin da ya faɗa, ya ji shi da kunnensa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 jami'an kula da masu laifi a Ingila da Amurka da Kanada suka ari wannan hanya. Amma kada mu yi mata kirarin da ba ta kai ba. Sharhin da Meri Makmuran ta yi a 2009 ya nuna tana taimakawa wajen sa mai laifi ya yarda ya shiga shirin gyara ya kuma daure har ƙarshe, amma a kan hana komawa laifi sakamakon gauraye yake. Wani bincike a Niyu Zilan a 2011 ya kwatanta fursunoni 58 da aka yi wa 'yan zama kaɗan na wannan hira da wasu 58 da ba a yi wa ba, aka ga na farkon sun fi ƙarancin sake faɗawa hannu. Adadin kaɗan ne, ƙasar kuma tana da abin da za ta miƙa wa wanda ya ce ya tuba. Hira tana buɗe ƙofa ne kurum, sai in akwai jari ko gona ko mai ɗaukar aiki a bayan ƙofar.

A gida kuwa, da jama'a suka ga gidan yari ba ya gyara 'ya'yansu, sai suka koma wa tsohuwar hanya, aka riƙa kai kangararru da 'yan shaye-shaye gidajen mari masu zaman kansu. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, a watan da ya biyo aka samu irinsa a Daura, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, sun rasa tudun dafawa ne. Makarantar gyaran hali ta Kiru, wadda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a zangonsa na biyu, ita kaɗai ba za ta ɗauke ƙananan hukumomi 44 ba.

A shekarar ta 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Dokar ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa jama'a aiki, da sakin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya fito, tare da hana nuna masa bambanci. Duk wanda ya karanta sashen sulhun zai ga zauren mai unguwa ne ya dawo sanye da kwat. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon kafa gidajen yarinsu. Ga masarautar Rano, wadda aka ɗaga a 2019, aka rushe a Mayun 2024, aka sake kafawa a Yulin shekarar da daraja ta biyu a kan Rano da Kibiya da Bunkure, wannan doka ta buɗe wa hakimai da dagatai da limamai aikin da kakanninsu suka sani, in har kotuna za su riƙa turo musu.

Sai dai lissafi yana kawo cikas. A 2024 fursunonin Nijeriya sun haura 80,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku masu jiran shari'a ne. Wanda ba a tabbatar masa da laifi ba, wace tuba za a zaburar da shi a kai? Shi tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a kai shi kotu. A shekarar ce aka ɗaga kuɗin abincin fursuna na yini daga naira 750 zuwa 1,125, kuma kowa ya san abin da kwanon masara yake a kasuwa lokacin. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 daga masu taimako aka biya tarar mutum 4,068 aka sake su. Ashe dubban nan ba laifinsu ne ya riƙe su ba, rashin kuɗin tara ne, abin da Shehu ya yi kuka da shi shekara fiye da 200 da suka wuce. Hirar zaburarwa kuwa tana son ɗaki, da awa guda, da ma'aikacin da aka horar, wanda ba shi ne zai riƙe kulki da yamma ba.

An gina sabon gidan yari mai ɗaukar mutum 3,000 a Janguza kan hanyar Gwarzo, kuma a 2025 gwamnatin Kano ta bayyana niyyar kwashe mutanen Kurmawa zuwa can ta mai da tsohon ginin gidan tarihi. Wuri zai yalwata, wannan gaskiya ne. Amma tsohuwar da ke Fassi ko Durba, wadda sunanta ne ɗanta zai fara ambata in an tambaye shi don me bai tsaya a ɗaya ba, sai ta fito Kibiya, ta shiga motar Kano, ta ratsa birni, ta sake neman ta hanyar Gwarzo kafin ta gan shi ta bayan waya na 'yan mintoci.